Mabuɗin da Aka Haifa a Waje: Shigar da Mabuɗin Sirri cikin Na'urar Tsaro ta Hanyar Manhaja

Akwai wata 'yar na'ura da tsawonta bai kai ɗan yatsa ba, wadda ake cusawa a kafar USB ta kwamfuta, ko a kanga ta a bayan waya. Kamfanoni irin su Yubico da Nitrokey da Feitian da Thales ne ke ƙera ta, wani lokaci kuma takan zo da siffar kati mai ɗauke da ƙwayar lantarki, kamar katin banki. Aikinta guda ne: ta riƙe mabuɗin sirri, ta yi lissafi da shi a cikin cikinta, ta miƙo sakamako, amma kada ta taɓa miƙo mabuɗin kansa. Mabuɗin sirri kuwa wata doguwar lamba ce mai abokiyar tagwaitaka da ake kira mabuɗin fili. Na filin ana raba wa duniya, domin da shi ake tantance sa hannun mutum, da shi kuma ake kulle saƙon da za a aika masa. Na sirrin shi ne mai sa hannu, shi ne kuma mai buɗe abin da aka kulle. Duk wanda ya mallaki kwafinsa ya zama mai shi a idon kwamfuta, babu tambaya.

Hanyoyi biyu ne mabuɗi ke samun kansa a cikin irin wannan na'ura. Ko dai a umarce ta ta ƙirƙiro shi da kanta, ko kuma a ƙirƙiro shi a kwamfuta sannan a shigar mata da shi. Hanya ta biyun ce ke jan hankalin masu kula da kwamfutocin ma'aikatu, musamman idan na'urori ɗari biyu ko ɗari uku ke jiran a shirya su. Sai a rubuta 'yar manhaja mai layi talatin, ta ɗauki mabuɗai ɗaya bayan ɗaya tana zubawa. Matsayin wannan maƙala shi ne cewa sauƙin wannan aiki ya rufe wa mutane ido daga abin da ake asara a cikinsa, kuma cewa waɗanda ke haramta shi gaba ɗaya su ma ba su dubi lamarin da kyau ba. Hukuncin ya danganta ne da irin aikin da mabuɗin zai yi.

Yadda aikin yake gudana

Mafi yawan manhajojin da ke magana da waɗannan na'urori suna bi ne ta wata ƙa'ida mai suna PKCS#11, wadda RSA Laboratories ta fitar a 1995, daga baya kuma ƙungiyar OASIS ta karɓi kula da ita. A cikin wannan ƙa'ida akwai umarni uku da suka shafi batun. C_GenerateKeyPair yana sa na'ura ta haifi mabuɗi a ciki. C_CreateObject yana miƙa mata mabuɗi tsirara, lambobinsa a bayyane. C_UnwrapKey kuma yana miƙa mata shi a naɗe cikin wani mabuɗin da ta riga ta mallaka, ita ce za ta warware shi a ciki. Mai amfani da YubiKey yana iya yin abin da layi ɗaya na manhajar ykman, ya ambaci gurbin da yake so da sunan fayil, shi ke nan. Idan mabuɗin na tsarin RSA ne, abin da ke ratsa wayar USB shi ne lambobin nan biyu marasa rabuwa da aka gina shi a kansu, tare da wasu uku da aka lissafo daga gare su. Idan ba a buɗe kulallen layi tsakanin kwamfuta da na'ura ba, irin na SCP03, to a fili suke wucewa.

Abin lura shi ne ƙa'idar da kanta ba ta ɗauki hanyoyin nan daidai wa daida ba. Kowane mabuɗi yana da alamomi da na'ura ke maƙala masa. Akwai wadda ke cewa a nan aka haife shi, akwai wadda ke cewa bai taɓa zama a bayyane ba, akwai kuma wadda ke cewa ba a taɓa ba da damar fitar da shi ba. Mabuɗin da aka shigo da shi daga waje, tsirara ko a naɗe, duka ukun nan "a'a" ake rubuta masa, kuma babu umarnin da zai sauya su. YubiKey ma tana da nata salon. A gurbin f9 akwai wani mabuɗi da aka sa tun daga masana'anta, wanda ke iya ba da takardar shaida cewa mabuɗi kaza a cikin na'ura mai lamba kaza aka ƙirƙire shi. Ba ya ba da wannan shaida ga baƙon mabuɗi. Ke nan tun da daɗewa masu tsara waɗannan abubuwa sun gane cewa asalin mabuɗi wani ɓangare ne na darajarsa.

Abin da ake saye da kuɗi

Mutane da yawa suna zaton abin da na'urar tsaro ke sayarwa shi ne ɓoyo. Ɓoyo yana ciki, amma fayil mai kalmar sirri ma yana ɓoyewa gwargwadon hali. Abin da fayil ba ya iya bayarwa shi ne tabbacin cewa babu kwafi. Idan na'ura tana aljihun mai ita, kuma a cikinta aka haifi mabuɗin, to mai ita yana iya rantsewa cewa babu wani mahaluki a doron ƙasa da zai iya sa hannu da sunansa a wannan sa'a. Idan ta ɓace zai sani, domin zai laluba aljihu ya ji wayam. Satar fayil kuwa ba ta barin gurbi, asalin yana nan inda yake, ɓarawo ya tafi da tagwayensa.

Da zarar an ƙirƙiri mabuɗi a kwamfuta, wannan rantsuwa ta faɗi. Mabuɗin ya zauna a ƙwaƙwalwar kwamfuta, mai yiwuwa tsarin aikinta ya kwashe wani yanki na ƙwaƙwalwar ya jibge a faifai don ya sami sarari. Ya zauna a fayil, kuma share fayil daga faifan SSD ba ya nufin ya tafi, saboda irin wannan faifai yana rarraba rubutu a wurare dabam-dabam don kada gefe ɗaya ya riga sauran lalacewa, tsohon rubutun kuma yakan saura a inda manhajar sharewa ba ta isa. Idan an rubuta kalmar sirrinsa a layin umarni, ta shiga kundin tarihin umarnai. Idan babban fayil ɗin da yake ciki yana haɗe da ma'ajiyar intanet, ya riga ya yi tafiya kafin a tuna da shi. Harsunan rubuta manhaja irin su Python ma ba sa bai wa mai rubutu cikakken iko a kan goge abin da ya ajiye a ƙwaƙwalwa. Ba lallai ne wani ya sace ba. Matsalar ita ce babu wanda zai iya tabbatar da cewa ba a sace ba, sa hannu kuwa a kan tabbaci yake tsaye.

Ƙasar Estoniya ta ɗanɗana wannan a aikace. Katin ɗan ƙasa a can yana ɗauke da mabuɗan da ake shiga ayyukan gwamnati da su, a sa hannu a kwangila, har a kaɗa ƙuri'a ta intanet. Yarjejeniyar da aka ƙulla da kamfanin da ke yin katin a lokacin, wato Gemalto, ta tanadi cewa a cikin katin za a riƙa ƙirƙirar mabuɗai. Wani mai bincike a Jami'ar Tartu, Arnis Parsovs, ya tattara mabuɗan fili masu ɗimbin yawa ya nazarci siffarsu, sai ya ga wasu ba su yi kama da waɗanda ƙwayar katin ke haifarwa ba. Ya kuma ci karo da katunan mutane dabam-dabam masu ɗauke da mabuɗi iri ɗaya, abin da hankali ba ya ɗauka idan kowane kati nasa ya ƙirƙira. A 2018 hukumar 'yan sanda da tsaron iyaka ta ƙasar ta bayyana cewa an ƙirƙiri mabuɗan katuna fiye da 74,000 a waje, ta soke kimanin 12,500 da ke aiki a lokacin, sannan ta maka kamfanin a kotu tana neman yuro miliyan 152. A 2021 aka sasanta a kan yuro miliyan 2.2. Abin da ya fi dacewa a tsaya a kansa shi ne dalilin sokewar. Ba jira aka yi sai an kama wani yana amfani da mabuɗin wani ba. Rashin iya cewa "babu kwafi" kaɗai ya isa a janye katunan.

Hujjar ɗaya ɓangaren

Masu goyon bayan shigarwa suna da hujja mai nauyi, kuma abin mamaki daga Estoniyar suke ɗauko ta. A watan Oktoba na 2017 masu bincike daga Jami'ar Masaryk da ke Brno a Jamhuriyar Cek suka bayyana wani aibi da aka yi wa laƙabi da ROCA. Manhajar da kamfanin Infineon ya sa a ƙwayoyinsa tana zaɓen lambobin RSA ta wata gajeriyar hanya don sauri, wannan gajartawa kuwa ta sa ana iya lissafo mabuɗin sirri daga na fili. Masu binciken sun ƙiyasta cewa fasa mabuɗi mai tsawon bit 2048 zai ci hayar kwamfutoci ta kimanin dala 20,000 zuwa 40,000, kuɗin da ba ya gagarar wanda ya ƙudura. A farkon Nuwamba na shekarar Estoniya ta dakatar da takardun shaidar katuna kusan 760,000. Wasu daga cikin na'urorin YubiKey 4 ma abin ya shafe su. Waɗanda suka tsira su ne waɗanda suka ƙirƙiri mabuɗansu a kwamfuta suka shigar. Wanda ya bi shawarar masana sau da ƙafa ya bar na'ura ta haifi nata, shi ne ya kwana a ciki.

Wannan gaskiya ce, kuma bai kamata a yi mata kwaskwarima ba. Ƙwayar na'ura akwati ne a rufe, ba kowa ke iya duba yadda take zaɓen lambobinta ba, alhali manhaja irin su OpenSSL a buɗe take ga mai son karantawa. Sai dai buɗaɗɗiyar manhajar ma tana da nata tarihin. Daga 2006 zuwa 2008 wani gyara da aka yi wa OpenSSL a tsarin Debian ya toshe kusan duk hanyoyin da take samun lambobin da ba a iya hasashensu, har ya zama mabuɗan da take iya fitarwa na kowane nau'i ba su wuce dubu talatin da 'yan kai ba. Kusan shekara biyu ana haifar mabuɗai marasa ƙarfi a gaban idon kowa kafin Luciano Bello ya gano. Wanda ya guje wa ƙwayar na'ura ya koma kwamfuta a wancan lokaci, gudun gara ya yi ya faɗa gidan zago.

Akwai kuma bambanci tsakanin aibobin biyu da ba a cika ambata ba. Aibin ROCA ana iya gano shi daga mabuɗin fili kawai, cikin ƙasa da daƙiƙa guda, don haka aka san adadin waɗanda abin ya shafa, aka san su wane ne, aka sauya musu. Estoniya ta sauya zuwa wani tsarin lissafin, na lanƙwasassun layuka, wanda ƙwayar ke yi ba tare da aibin ba, mutane da dama kuma daga gida suka sabunta katunansu. Kwafin da ya zube daga kwamfutar ma'aikaci kuwa ba shi da gwaji. Babu wata alama a jikin mabuɗin fili da za ta nuna cewa ɗan'uwansa yana kwance a wani tsohon faifai da aka yi gwanjonsa.

Inda shigarwa ta zama wajibi

Duk abin da ya gabata a kan mabuɗin sa hannu da na tabbatar da kai ne. Irin waɗannan idan sun ɓace asarar kaɗan ce: a soke takardar shaidarsu, a ƙirƙiri sabo, tsofaffin sa hannu kuma suna nan ana tantance su da tsohon mabuɗin fili. Saboda haka babu wani dalili na ajiye musu kwafi, illa ma kwafin ya zama abin da zai rushe su. Mabuɗin buɗe kulallen bayani kuwa labarinsa dabam ne. Idan shi kaɗai ne a duniya, kuma na'urar da ke riƙe da shi ta faɗa rijiya ko ta ƙone, to duk wasiƙa da duk fayil da aka kulle dominsa sun tafi har abada. Babu masani, babu kamfani, babu kotun da za ta dawo da su. A nan tabbacin "babu kwafi" ya juye ya zama barazana.

Tsarin katin ma'aikatan gwamnatin Amurka, wanda aka fi sani da PIV kuma ƙa'idar FIPS 201 ta tsara, ya raba wannan gardama tun da daɗewa. Ya wajabta cewa mabuɗin tabbatar da kai, mai zama a gurbin 9a, da na sa hannu, mai zama a 9c, a cikin kati za a ƙirƙire su. Na gurbin 9d kuwa, wanda ke buɗe saƙonni, an yarda a ƙirƙire shi a waje a shigar. Har ma an ware gurabe ashirin, daga 82 zuwa 95, don tsofaffin mabuɗan buɗewa, saboda ma'aikacin da aka sauya wa kati ya ci gaba da karanta wasiƙunsa na shekarun baya. Waɗannan gurabe ba su da wata hanyar cika a sabon kati sai ta shigarwa. Ƙa'idar FIDO2, wadda aikinta shiga shafuka ne kawai, ba ta ma tanadi umarnin cusa wa na'ura mabuɗi daga waje ba, kuma daidai ta yi. Haka nan ƙungiyar CA/Browser Forum, tun daga 1 ga Yuni 2023, ta wajabta cewa mabuɗan sa hannu a kan manhaja a cikin ingantacciyar na'ura za a ƙirƙire su kuma a ajiye su, bayan an sha ganin ɓarayi na amfani da satattun mabuɗai. Ƙwayar cutar kwamfuta ta Stuxnet da aka gano a 2010 da sa hannun kamfanonin Realtek da JMicron ta yi yawo.

Layin ke nan, kuma a bayyane yake. Abin takaicin shi ne yadda 'yar manhajar nan mai layi talatin ba ta san da shi ba. Wanda ya rubuta ta yakan ɗauki fayil guda na PKCS#12 ya zuba abin da ke ciki a duk gurbin da ya samu, ko ya yi amfani da mabuɗi ɗaya don sa hannu da buɗewa baki ɗaya, sannan ya ajiye kwafi "saboda ko-ta-kwana". Da wannan kwafi ya kare bayanan ma'aikata, da shi kuma ya bai wa kansa, da duk wanda zai gaje kujerarsa, ikon sa hannu da sunan kowa.

Manhaja a matsayin shaida

Ba a cewa a koma yin aikin da hannu. Mutum yana mantuwa, yana gajiya, kuma na'ura ta ɗari da hamsin ba za ta sami kulawar da ta farko ta samu ba. Manhaja ta fi shi riƙe ƙa'ida, in dai an sa mata ƙa'idar. Misali mafi kyau shi ne yadda ICANN ke kula da mabuɗin tushen sunayen intanet tun 2010, a wurare biyu, Culpeper a jihar Virginia da El Segundo a jihar California. Kwamfutar da ake amfani da ita ba ta haɗe da intanet, daga faifan da ba a iya yi masa rubutu take tashi, kowane mataki a rubuce yake tun kafin ranar, ana yi shaidu na kallo ana ɗauka a bidiyo. Su ma suna da kwafin ajiya, amma a kulle, kuma ikon buɗe shi an raba wa mutum bakwai, sai biyar sun haɗu. Ba kowace ma'aikata ke buƙatar wannan tsanani ba, amma ginshiƙansa ba su da tsada: tsohuwar kwamfuta guda da aka cire mata faifai da na'urar haɗi, da mutum biyu maimakon ɗaya, da littafin rajista.

Akwai ƙananan abubuwa da ke bambanta manhaja mai hankali da mai gaggawa. YubiKey tana fitowa daga masana'anta da lambar PIN 123456, da ta ceto 12345678, da mabuɗin gudanarwa wanda lambobi ne daga 01 zuwa 08 aka maimaita sau uku. Duk duniya ta san su. Manhajar da ta shigar da mabuɗi ba ta sauya waɗannan ba, ta gina ɗaki ne ta bar ƙofa a buɗe, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, balle ƙofa. Haka kuma sharaɗin ko sai an taɓa na'ura da yatsa kafin ta yi aiki, da na sau nawa za a nemi PIN, a lokacin shigarwa ake ɗaura su, ba a sauya su bayan nan sai an sake zuba mabuɗin. Masu amfani da GnuPG kuma suna da nasu tarkon: umarnin keytocard yana kai mabuɗi cikin kati, idan aka adana canjin sai ya maye gurbin na kwamfuta da alama kawai. Wanda bai ɗauki kwafin mabuɗin buɗewa tun farko ba ya rasa shi, wanda kuma ya fita bai adana ba ya bar mabuɗin sa hannunsa a kwamfuta yana zaton ya ƙaura. Inda na'ura ta yarda da shigarwa a naɗe, ita ya kamata a bi, manyan na'urorin da suka kai mataki na 3 na ƙa'idar FIPS 140 ma ba sa karɓar mabuɗi tsirara ta hanyar lantarki.

Jami'a tana cikin wuraren da wannan rarrabewa ta fi shafa, domin tana da bukatun biyu a lokaci guda. Tana da bayanan ɗalibai da na bincike da ya kamata a kulle, kuma dole a iya buɗe su ko bayan wanda ya kulle su ya yi ritaya. Tana kuma da takardun sakamako da na kammala karatu, waɗanda darajarsu gaba ɗaya ta rataya a kan cewa mutum ɗaya tak ne zai iya sa musu hannu. Duk jami'ar da ta fara sa hannun dijital a kan irin waɗannan takardu, akwai tambaya guda da majalisarta ya kamata ta yi wa sashen kwamfuta kafin a saki takarda ta farko: a ina aka haifi mabuɗin magatakarda, kuma ina takardar shaidar da na'urar ta bayar a kan haka. Idan amsar ita ce an shigar da shi ne daga wani fayil, to a soke shi a ƙirƙiri sabo a cikin na'urar. Aikin bai wuce na 'yan mintuna ba a yau, alhali bayan an yaye aji biyar da shi, sokewar za ta jefa shakku a kan takardun dubban mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.